Dutsen da Na Ɗauko Daga Adjamé

Ko da tsufa zai kwashe min rabin abin da na sani, ba zan taɓa mantawa da ranar da na hau akwatin sabulu a Treichville ina zabga Faransanci, jama'a kuma suna kallon abin da ke bayana ba. Har yau in na tuna, sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Lokacin yaƙin duniya bai daɗe da ƙarewa ba, kuma an hana aikin dole, gari ya cika da murna da baƙi. Ni saurayi ne, ɗan gidan mahauta. Mahaifina daga ƙasar Tawa ya biyo shanu har Abidjan, da ya rasu sai na tashi a hannun ƙanensa, Baffa Garba, wanda shi ne Sarkin Fawan mutanenmu a Treichville. Kowa a gidanmu wuƙa ya riƙe, ni kaɗai aka tura lakwal, wato makarantar boko, nan ma ban yi nisa ba. Amma ɗan abin da na kwaso ya ishe ni samun aikin ɗan aike a wani kamfani a Filato, unguwar Turawa, ya kuma ishe ni ɗaga hanci. Na kafa wa kowa doka a kira ni Mushe, yadda ake kiran Turawa. Mahauta suka karɓa hannu bibbiyu. (Sai da na kwana biyu kafin na gane abin da ke ba su dariya. A wurin mahauci, mushe ai dabbar da ta mutu ba a yanka ba ce.)

To, a gefen unguwarmu, wajen da yanzu ake ce wa Arras, akwai wata rumfa ta gora da kwano da ake kira Rumfar Tanko. Tanko mai goge ne daga Dogon Dutsi, siriri, mai ɗingishi, wanda bai iya hira ba sai in goge na hannunsa. Shi ya kafa rumfar tun lokacin da unguwar ke rabin daji. Ran Asabar, in ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan dako suka tashi daga aiki, can ake haɗuwa. Mahautanmu su zo da kalangu, Julawa su zo da balafonsu na katako da ƙwarya da ake bugawa da sanduna, mutanen Gwalkwas, ƙasar da ke maƙwabtaka da mu, su zo da garayar Turawa, kowa ya kawo abin da ya taso da shi a garinsu. Ba a tambayar mutum yarensa a bakin ƙofa. Mu muna yara ta ramin gora muke leƙe, da muka tasa muka shiga, a nan na fara taka rawa, a nan kuma aka fara taka min ƙafa.

Ana cikin yaƙi Tanko ya rasu. Rumfar ta yi ta lallaɓawa ba shi, har ranar da aka zo faɗaɗa titi aka kwashe rabinta, sauran filin kuma wani Kwara, Balarabe ɗan kasuwa, ya saya ya gina kantin yadi. Makaɗa suka watse, kowa ya kama gabansa. Abin da ya rage kawai matar Tanko ce, Inna Hajo, wadda ta dawo da tukunyar tuwonta tsallaken titi, daidai inda take iya ganin wurin.

Wata rana ina cin tuwo a wajenta, sai ta ce, "Ɗan nan, ka san abin da ya same ni jiya? Wani baƙo da ya sauka kwanan nan ya tambaye ni wai gaskiya ne an taɓa kiɗa a wurin nan. Na ce masa ƙwarai. Ya dubi kanti, ya dube ni, kamar na shara masa ƙarya."

Ta ci gaba da kwasar tuwonta, ni kuwa na shiga tunani. Kullum ina wucewa a Filato ina ganin alluna na dutse a jikin gine-gine, an rubuta wane Bature ya sauka a nan, wane Bature ya kwana a can. Na ce a raina, su da kwana kawai suka yi an sa musu dutse, Tanko da ya hana rabin garin nan kuka fa?

Na ce, "Inna, za mu kafa masa dutse. A rubuta, kowa ya karanta."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ka fara gama tuwonka tukuna."

Gaskiya ta Allah, a wannan gaɓar na yi abin kirki, kuma ina so a rubuta min shi kafin mu kai inda za mu kai. Na yi ta sintiri a biro, wato ofishin gwamnatin Turawa, har masu gadi suka san tarina, kafin aka ba ni izini. Na shawo kan Kwaran ya ba mu kusurwar gaban kantinsa (da na ce masa taro zai zo, sai na ga yana lissafin turamen atamfa da idonsa). Mahauta da 'yan dako da mata masu abinci kowa ya sa hannu. Wanda ya fi ba ni wahala shi ne Baffa Garba.

"Dutse?" in ji shi. "A tsakiyar unguwar Musulmi? Gobe a ce mahauta sun kafa gunki suna yi masa kiɗa?"

Na ce, "Baffa, ba gunki ba ne, rubutu ne kawai. Kamar allo."

Ya ci gaba da wasa wuƙa, can ya ce, "Tanko ya yi min kiɗa ranar aurena bai karɓi komai ba, saboda haka na yarda. Amma ka ji da kunnenka. Ba hoto, ba siffa, ba zanen komai. In na ga ko ƙadangare a jikin dutsen nan, da hannuna zan farfasa shi, sannan in dawo kanka."

Na dafa ƙirji na ce ya bar komai a wuyana.

Mai sassaƙa rubutu a dutse a lokacin ɗaya na sani, wani mutumin Togo da ake kira Kofi, a unguwar Adjamé, tsallaken ruwa, can wajen da yanzu aka yi Mairie, ofishin magajin gari. Yawancin aikinsa duwatsun kabari ne na Kiristoci. Na kai masa kalmomin da na kwana biyu ina tsarawa da Faransanci, ma'anarsu ita ce: "A nan Rumfar Tanko mai goge ta tsaya. Wanda ya shigo da baƙin ciki, da rawa yake fita." Na haddace su har ina faɗa a wanka.

Aka sa buki ran Lahadi bayan azahar. Ran Asabar da safe na ɗauki mai amalanke muka nufi Adjamé. Muka tarar Kofi ya fita, sai matarsa tana soya ayaba a tsakar gida. A bakin ƙofa ga duwatsu biyu jingine da bango, kowanne an naɗe shi da buhun koko an ɗaure tamau da igiya.

Ta ce min da Julanci, "Maigidan bai gaya min wanne ne na wa ba. Ka zauna ka jira shi, ko ka kwance ka duba."

Ka ji shawara mai kyau, ko? Kyauta ma aka ba ni ita. Amma na riga na yi wa unguwa shela cewa ba idon da zai ga rubutun nan sai ranar buki, domin kuwa haka Turawa suke yi. Kuma ga mai amalanke yana kallona, ba zan tsuguna ina kwance igiya kamar ɗan dako ba. Na dubi duwatsun. Ɗaya ƙarami, ɗaya babba mai faɗi. Wane ne a garin nan zai yi odar dutsen da ya fi nawa girma?

Na nuna babban da sandar hannuna na ce, "Wannan ne."

"Ka tabbata?"

Na gyara hula na amsa mata da Faransanci, don ta san da wa take magana: "Madam, ni na yi lakwal."

Ta ɗaga kafaɗa ta koma kan ayabarta.

Muka gangaro ta Filato, muka haye gadar nan mai yawo a kan ruwa, wadda in amalanke ya hau sai ka ji tana numfashi a ƙarƙashin ƙafarka, muka shigo Treichville ina gaba kamar wanda ya ci yaƙi. An riga an gina ɗan dakali na bulo a gaban kanti, an bar gurbin da dutsen zai zauna, a kan cewa bayan an buɗe sai dattawa su sa siminti ɗaya bayan ɗaya. Dutsen ya ɗan fi gurbin faɗi. Magini ya ce, "Anya awon da ka ba ni ke nan?" Na ce masa aikin Adjamé ne, sukan yi gyara. Ya fasa bulo ɗaya, dutse ya zauna. Inna Hajo ta kawo farin mayafi aka lulluɓe, ni da kaina na zura hannu ta baya na yanke igiya na zare buhun, idona a sama don kada in karya dokar da na kafa.

Ran Lahadi na fito cikin farin kwat da na aro wajen wani akawu ɗan Senegal, da takalmi mai matse yatsa, da ɗamarar wuya ja. Titi ya cika. Mahauta sun sha riguna, Illo mai kalangu, wanda ya fi kowa daɗewa yana kiɗa da Tanko, yana zagaya taro da yaransa. Baffa Garba na zaune a kujerar gaba da liman a gefensa. Har biro sun turo wani ɗan Bature mai jan wuya, da hular kwano, yana ta share zufa.

Na hau akwatin sabulu a gaban dutsen, na juya masa baya, na fuskanci jama'a. Me zan duba a jikinsa? Ai ni na rubuta. Tsarin shi ne Inna Hajo ta yaye mayafi, ni kuma in karanta da Faransanci, in fassara da Hausa.

Na ɗaga hannu, kalangu ya tsaya. Na ce, "Inna, bismilla."

Na ji mayafi ya zame a bayana.

Taro ya yi wani irin "Haaa!" a tare, sannan aka yi tsit. Na ce a raina, haka ake so, aiki ya yi kyau. Na cika ƙirji da iska na fara: "Isi..." Na ja kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya, ina kaɗa hannu, ina murza harshe yadda na ji manyan Turawa na yi. Ina cikin yi sai na ga ɗan Baturen nan ya miƙe tsaye, ya cire hularsa, ya rungume ta a ƙirji ya sunkuyar da kai. Wayyo! Daɗi ya kusa kashe ni. Yau ga Bature ya tuɓe wa Faransancina hula a gaban mahauta. Na ƙara murya.

Na juya zuwa Hausa: "Jama'a, abin da ke rubuce a dutsen nan shi ne, wanda ya shigo nan da baƙin ciki..."

Sai na lura ba mai kallon bakina. Mata sun rufe baki da gefen zane. Liman ya dafe kai yana salati. Baffa Garba kuwa ya tashi a hankali, irin tashin da yake yi in sa ya tsinke igiya.

"...da rawa yake fita!" Na ƙarasa, na tsaya jiran tafi.

Ba wanda ya tafa. Daga can baya wani ya ƙyalƙyale, aka ce masa shit.

Baffa ya ce, "Mushe."

Bai taɓa kirana da sunan nan ba sai ranar.

"Na'am, Baffa."

"Juya."

Na juya.

Gicciye ne, babba, an sassaƙa shi da kyau tun daga saman dutsen har tsakiya. Ga kurciya ɗaya a dama, ɗaya a hagu, kowacce da ganye a baki. (Mutumin da ya ce ko ƙadangare bai yarda ba, na kawo masa tsuntsaye biyu.) A ƙasa kuma ga rubutu, ba ko kalma ɗaya tawa sai ta farkon.

Ban san lokacin da na sauko daga akwatin ba. Wasu sun ce faɗowa na yi, ni dai ban yarda ba. Na ji dariya ta fashe daga baya tana tahowa gaba kamar ruwan sama, har ta iso kan mahauta, waɗanda suka riƙa dukan cinya suna riƙe juna. Na roƙi Allah ƙasa ta buɗe. Ba ta buɗe ba, Treichville ce, ƙasar yashi ce amma ranar ta yi tauri.

Baffa bai yi dariya ba. Ya ce, "Tunda ka yi lakwal, karanta mana abin da ke nan. Wannan karon da ido."

Na matsa, na bi haruffan da yatsa. "Isi rapoz... A nan... a nan Zozef yake kwance. Mai busa begila. Matarsa da 'ya'yansa suna kewarsa."

Dariya ta ƙaru. Amma sai Illo mai kalangu ya ture mutane ya fito gaba.

"Wane Zozef? Mai begila? Baƙi, gajere, mutumin Adjamé?" Ya dubi dutsen kamar zai iya karantawa. "Zozef ya rasu?"

Ya zauna a bakin dakali, kalangu a cinya. Dariya ta fara mutuwa. Wani tsohon ɗan dako ya ce, "Wanda in Tanko ya ja goge yake amsa masa da ƙaho?" Wata mata ta ce, "Shi ne mai raba wa yara alewa a bakin ƙofa." Ashe rabin taron sun san shi. Mutumin nan ɗan asalin ƙasar ne, Kirista, amma ba Asabar ɗin da ba ya hayo ruwa ya zo Rumfar Tanko. Tun da aka rushe rumfar ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa, har ya kwanta ciwo ya mutu a tsallaken ruwa ba mu sani ba.

Inna Hajo ta ɗauki mayafinta ta sake lulluɓe dutsen, a hankali, kamar tana rufe yaro mai barci. Ta ce, "Sarkin Fawa, wannan ba na fasawa ba ne. Akwai matar da ke can tana jiran sa. Mu kai mata, mu yi mata gaisuwa."

Baffa ya ce, "Haka ne. A kawo amalanke. Ba kiɗa a hanya." Mai amalanke ya kama hannun amalankensa, Baffa ya ɗaga masa hannu. "A'a. Wanda ya ɗauko shi zai tura."

Haka na tura dutsen kabari daga gaban kantin Kwara har bakin ruwa, cikin farin kwat na aro, takalmi na cin yatsuna, rabin unguwa na biye da ni shiru. Shirun ya fi dariyar ciwo.

Mun hau gada ke nan, mun kusa tsakiya, sai muka hango wani taro yana tahowa daga ɓangaren Filato. Baƙaƙen kaya, mata da lema, maza da ƙahonin badujala a hammata, a gabansu kuma amalanke da ƙaramin dutse a kai. Mai tura shi wani ƙato ne da ya naɗe hannun riga, fuskarsa kamar hadari. Kofi mai sassaƙa na gefe yana ta rantse-rantse. Da ya hango ni ya nuna ni da hannu biyu.

Amalanke biyu suka tsaya hanci da hanci, gada na lilo da mu.

Ƙaton, wanda babban ɗan marigayin ne, ya zubo min Faransanci kamar ruwan famfo. Ashe su ma ranar suka taru a maƙabarta bayan coci, da dangi, da fada limamin cocinsu, da 'yan badujalar da mahaifinsu ke busa tare da su. Aka kwance buhu a kan kabari, shi da kansa ya karanta wa jama'a da ƙarfi cewa wanda ya shigo nan da baƙin ciki da rawa yake fita.

Ni kuwa, mai lakwal, duk Faransancina ya bi ruwa. Abin da ya rage a bakina kalma ɗaya ce: "Pardon. Pardon, mushe. Pardon."

Inna Hajo ta ture ni gefe ta wuce wajen wata dattijuwa mai jiki da ke tsaye a bayan ƙaton, ta kama hannunta biyu ta yi mata gaisuwa da Julancin kasuwa. Ta ce mata ita ma mijinta ya tafi, ta san yadda ɗaki ke yin faɗi. Baffa ya matso ya ce a gaya mata Sarkin Fawa da jama'arsa suna ba ta haƙuri a kan rashin, da kuma a kan wautar ɗansu. (Kalmar wauta ya sa aka fassara ta sau biyu, don kada ta ɓace a hanya.) Sannan Illo ya ce mata ya san mijinta, shekara da shekaru suna kiɗa tare kowace Asabar a Treichville.

Dattijuwar, Madam Mari sunanta, ta saki hannun Inna.

"Kowace Asabar?"

"Ba fashi," in ji Illo.

"A Treichville?"

"A Rumfar Tanko, wadda sunanta ke jikin dutsen can."

Ta juya ta dubi 'yan badujala. Duk suka sami abin kallo a cikin ruwa. Ta ce, "Ni ce mini yake yi gwajin waƙar coci suke zuwa."

Ba wanda ya yi motsi. Na ce shi ke nan, na ɓata buki, na ɓata makoki, yanzu kuma na tona asirin mamaci. Sai na ga kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kuka ne. Ashe dariya ce, irin wadda ke fita da hawaye, har sai da ta dafa amalanke.

"Ashe dutsen nan bai yi ɓatan hanya ba," in ji ta. "Ya san wanda ya je nema. Har fada ma da aka karanta, tari ya yi ya ce to, ai ba ta yi nisa da abin da suke wa'azi ba."

Ɗanta ya so ya ci gaba da faɗa, ta daka masa tsawa da yarensu ya yi shiru. Ta ce, "Zozef ya kwanta inda ya kwanta, ba ya sauri. Ku juya. Yau sai na ga wurin da ya cinye min Asabar ɗina."

Baffa ya dubi liman, liman ya dubi sama. Baffa ya ce, "To, Illo, yanzu kana iya kiɗa."

Ban taɓa ganin shiga gari irin ta ranar ba. Kalangu a gaba, badujala na amsawa, amalanke biyu a tsakiya, matan Adjamé da lemarsu suna rangaji tare da matanmu. Kowane lungu muka wuce sai mutane su fito su bi. Julawa suka ji, suka jawo balafo. Wani mutumin Gwalkwas ya fito da garayarsa ba ko riga. Kafin mu kai gaban kanti, taron ya ninka wanda na gayyata ban san sau nawa ba, har Kwara ya hau kan benci yana tafi. Ɗan Baturen dai ya riga ya tafi, kuma na tabbata har ya bar ƙasar nan yana ba da labarin yadda mahauta ke binne mutum a gaban kantin yadi.

Aka jingine dutsen Zozef a inuwa, a lulluɓe, matarsa ta zauna kusa da shi. Aka ɗora namu a gurbi. Baffa ya zagaya shi gaba da baya, ya shafa ko'ina da tafin hannu, ya tabbatar ba tsuntsu ba ƙadangare. Sannan ya ce in karanta. Wannan karon na ba jama'a baya, na sa yatsa a kan harafin farko, na karanta a hankali kamar ɗan aji ɗaya. Da na kai "da rawa yake fita", sai na ji guɗa ta tashi a bayana, Inna Hajo ce, tana yi tana kuka. Baffa ya karɓi cokalin magini ya sa simintin farko, ya miƙa wa Madam Mari ta sa na biyu. Liman ya yi wa Tanko addu'a. Daga nan Inna ta aika aka ɗauko gogen Tanko da ke rataye a ɗakinta tun rasuwarsa, ta miƙa wa wani tsohon almajirinsa a kiɗa, ya ja, wani daga cikin 'yan badujala ya amsa masa da begila. Illo ya sunkuyar da kai yana kiɗa bai ɗago ba. Aka yi ta yi har aka kira magariba.

Washegari da sassafe ni da mahauta muka kai dutsen Zozef maƙabartar Adjamé, ni ne dai a hannun amalanke. Kwat ɗin aro kuwa, kada ma a yi maganarsa, ɗan Senegal bai sake gaishe ni ba sai da azumi ya zagayo.

Dutsen Tanko ya zauna a kusurwar nan, kuma daga shekarar, duk lokacin da ranar ta zagayo, mutanen Adjamé kan hayo ruwa da ƙahoninsu a yi kiɗa a gabansa. Baƙo in ya tambayi Inna Hajo ko gaskiya ne an taɓa kiɗa a wurin, ba ta ko ɗaga kai daga tukunya, da muciya take nuna masa. In an zo ba da tarihi akan ce ni na haɗa unguwa biyu, ni kuma in gyara zama in yi shiru, don ba wanda ya tambaye ni ko da gangan na yi.

Abin da na koya dai ba shi da yawa, amma na riƙe shi da kyau. In za ka yi wa jama'a bayanin abu, ka fara juyawa ka ga abin. Ni yanzu ko ƙunshin goro aka ba ni in kai wa maƙwabci, sai na tsaya a zaure na kwance na leƙa. Maiɗakina ta ce rashin yarda da mutane ne. Na ce mata a'a, da mutane na yarda, wanda aka aika ne na sani.